Ranar da Mai Sikeli Ya Hau Sikeli

Shekara ashirin da shida ya yi yana auna kayan mutane, amma ko da wasa bai taɓa hawa sikelin ya ga nasa nauyin ba. A filin da yake aiki, tsofaffin kwalaye da takardu ake saye, a ɗaɗɗaure, a loda wa manyan motoci su kai kamfanin takarda. Babu mai kiran sunansa na gaskiya a wurin. Leburori su ce Baba Mai Sikeli, direbobi su ce Mai Sikeli, matarsa kuwa Baban yara take cewa har yau, alhali yaran sun girma, kowa ya kama gabansa.

Da ɗaukar kaya ya fara, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, siriri, wuya duk jijiya. Tsohon mai awo na lokacin ya lura yaron ba ya ƙarya, ya koya masa aiki, da ya tashi barin wurin kuma ya miƙa masa kujerarsa da tsinkensa. To, da ya zauna a kujerar nan, nama ma ya sami wurin zama. Shayin safe da sukari cokali huɗu, burodi rabin sanda, ga kwanon rana da matarsa ke danna wa murfi da tafin hannu kafin ya rufu. Sannu a hankali teɓa ta fito, wuya ya shige, aka canza kujera sau biyu. Shi dai dariya yake yi idan an tsokane shi, ya ce kwanciyar hankali ce.

Aikinsa kuwa babu mai raina shi. Kullum da safe sai ya share sikeli, ya ɗora ƙarfen gwaji mai kilo ashirin, ya ga allura ta tsaya inda ya kamata, sannan ya yarda a fara. Amma abin da ya yi suna da shi, tsinken ne. Ƙarfe ne dogo, mai tsini, kusan tsawon ƙafar mutum. Wasu masu kawo kwali sun iya ha'inci: su kwarara ruwa a tsakiyar ɗauri, su lulluɓe waje da busasshe, kaya ya yi nauyi. Mai Sikeli sai ya soka tsinken can ciki, ya zaro, ya manna a kuncinsa. In ya ji sanyi, ko kallon mai kayan ba ya yi, sai ya ce a kwance a shanya. In ya ji ƙarfen a bushe, ya rubuta nauyin a littafin awo, ya yi wata 'yar alama mai kamar ƙugiya a gefe. Kowa a filin ya san ma'anarta: wannan kayan, da hannunsa ya gwada. Lambar da ba ta da ƙugiya, a wurinsa zance ce kawai.

Matsala ta zo ne da sabon sikeli, irin wanda mota ke hawa gaba ɗayanta. Aka gina ɗan ɗakin karanta nauyi a sama, kan ƙafafun ƙarfe, matakala goma sha huɗu. Kowace mota ta shigo sai ya sauka ya soka, ya hau ya rubuta. Wata rana mota talatin, wata rana fiye. A sati na farko yana tsayawa a matakala ta goma ya huta. Kafin wata biyu ya koma tsayawa a ta bakwai, riƙe da ƙarfen gefe, yana haki, gwiwoyi na ƙara. Motoci suka riƙa yin layi har titi, direbobi na danna oda.

Manajan wurin matashi ne mai kunya, a haife Mai Sikeli ya haife shi. Ya hau sama ya same shi yana fifita da murfin kwano, ya ce cikin ladabi, "Baba, ai ba sai ka sauka ba. Na'ura ta faɗi nauyi, kai kuma ka rubuta."

"Na'ura ba ta da kunci, yallaɓai," in ji shi.

Manaja ya sosa ƙeya, ya faɗi abin da aka aiko shi da shi. Masu wurin sun ce layin nan ba zai yiwu ba. An ba shi zuwa ƙarshen shekara, wata takwas ke nan. In har lokacin motoci na jira, za a mai da shi bakin ƙofa, ya riƙa buɗewa yana rufewa, a sa wani a sama. Ba korarsa za a yi ba, manaja ya maimaita har sau uku. Shi kuwa da kora da bakin ƙofa duk ɗaya ne a zuciyarsa. Ya zauna yana kallo wani na rubuta nauyin ruwa da sunan kwali? Ranar ko taɓa abincinsa bai yi ba, ya mayar da shi gida yadda ya zo.

Cikin direbobin akwai abokinsa da ake kira Dogo, wanda shi ma cikinsa ke gogar sitiyari. Shi ya zo masa da wata 'yar kwalba marar takarda, cike da ƙwayoyi kore-kore. Ya rantse cewa surukinsa ya sha, cikin sati guda wando ya faɗi. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma, babu doka, babu hana cin komai.

Abin haushin shi ne nan. Mutumin da ba ya yarda da ɗaurin kwali sai ya soka shi, mutumin da ya taɓa mayar da kayan ƙanin matarsa a shanya, shi ne ya buɗe baki ya haɗiye abin da bai san sunansa ba. Bai tambayi me ke ciki ba, bai tambayi wa ya haɗa ba. Tsoron bakin ƙofa ya rufe masa ido. Ya ɓoye kwalbar a akwatin kayan aiki don kada matarsa ta gani.

Washegari ya riga kowa zuwa. Tsohon sikelin ƙasa yana nan a lungu, ana auna ƙananan kaya da shi. Ya share, ya ɗora ƙarfen gwaji, ya sauke, ya waiga hagu da dama, ya cire takalmi ya hau. Allura ta yi ta tafiya kamar ba za ta tsaya ba, sai a ɗari da talatin da ɗaya. Ya yi salati a hankali, ya sauka, ya rubuta a shafin ƙarshe na littafin awo.

Ƙwayar kuwa ta fara aiki ba wasa. Banɗakin ma'aikata yana can ƙarshen fili, ga shi yanzu yana zarya tsakaninsa da matakala. Kwana uku, kilo biyu sun tafi. Kwana tara, allura ta tsaya a ɗari da ashirin da biyar. Kilo shida! Murna ta kama shi har ya yi wa Dogo addu'a a gaban mutane. Ya jera lambobin a shafin ƙarshe, sai dai duk lokacin da alƙalami ya je gefe don yin ƙugiya, hannun sai ya tsaya. Ya ce wa kansa ai mutum ba kwali ba ne, ba inda za a soka.

Matarsa ce ta fara ganin abin da sikeli bai nuna ba. Ta ga leɓensa ya tsattsage, ido ya faɗa, yana tashi yana dafa bango, ƙafa na ɗaure masa yana murzawa. Ta tambaya, ya ce zafin gari ne. Ba ta yarda ba. Shekara talatin tana zaune da shi, ta san yadda yake kau da kai in ya ɓoye abu.

A rana ta goma, yana hawowa daga soka wata mota, a matakala ta bakwai duniya ta yi masa duhu. Allah ya taimaka bai faɗo ba, zamewa ya yi ya zauna, tsinken ya gangara ƙasa yana ƙara. Leburori huɗu suka ɗauko shi, kuma har yau suna cewa ba su taɓa ɗaukar ɗauri mai nauyinsa ba. Dogo ne ya kai shi asibitin unguwa.

Likitar da ta duba shi 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Aka sa masa ruwa. Matarsa ta shigo da gudu, takalmi ƙafa daban-daban. Likita ta tambayi me yake sha, ya fara kame-kame, sai Dogo, wanda ashe shi ma yana shan irinta, ya zaro tasa kwalbar daga aljihu ya ajiye a kan tebur, ya fice. Ta jujjuya kwalbar, ta nemi takarda babu. Sai ta kama fatar bayan hannun Mai Sikeli da yatsu biyu ta ja sama ta saki. Fatar ta tsaya a tsaye, ta ƙi komawa.

"Baba, kilo nawa ka ce ka rage?"

"Shida, likita. Cikin kwana tara."

"Ba kitse ne ya fita ba. Ruwan jikinka ne."

Ba sai ta ƙara ba. Duk garin nan babu wanda zai fi shi gane wannan maganar. Sau dubu nawa ya ga ɗauri ya rage nauyi a rana alhali ko kwali guda ba a cire ba? Ya rufe ido, kunya ta lulluɓe shi. Ya ce a ransa, ashe ni ne mai ha'incin, ni ne kuma mai awon da aka yi wa.

Likita ta ce abin da ya fi damunta ƙoda ne, don irin waɗannan ƙwayoyi kan matse su. Aka ɗebi jini, aka ce ya dawo bayan kwana biyu. Kwana biyun nan a kujerar tsakar gida ya yi su, yana shan ruwa kamar aikin da aka ba shi. Matarsa ba ta yi masa faɗa ba, kuma shi ya fi son ta yi. Ta dai riƙa cika masa kofi tana komawa ɗaki. Ya tuna mahaifinsa, wanda ciwon sukari ya cinye a hankali, ya tuna bai taɓa tambayar kansa ko shi ma yana kan hanyar ba. Bakin ƙofar da yake gudu sai ya zama ƙaramin abu.

Da suka koma, likita ta daɗe tana duba takarda kafin ta ɗago. Ƙoda sun wahala amma ba su lalace ba, za su warware. Matarsa ta saki wata ajiyar zuciya da sai da tabarau ɗin likita ya juyo wajenta, sannan ta fashe da kuka, sannan kuma faɗan da ta riƙe kwana biyu ya ɓalle a nan gaban likita. Mai Sikeli ya sunkuyar da kai yana saurare, daɗi na ratsa shi. Bai taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba. Da aka ɗora shi a sikelin asibiti, ɗari da talatin cif. Shida suka tafi, biyar sun dawo daga kofin ruwa.

Likita ta ce sauran labarin ba na dariya ba ne: jininsa ya hau, sukarinsa na bakin iyaka, kuma a nauyinsa da halin gwiwoyinsa magani na gaskiya zai iya taimaka masa. Ta jawo farar takarda ta rubuta iri uku da za a iya samu. A nan ne Mai Sikeli ya dawo Mai Sikeli. Ya gyara zama, ya ce kada ta faɗa masa abin da ke waje, ta buɗe masa tsakiyar kowanne.

Na farko ƙwaya ce mai kashe yunwa, amma tana sa zuciya gudu, tana ɗaga jini. Ita da kanta ta ja masa layi, ta ce ba da hawan jininsa ba. Na biyu ƙwaya ce mai hana hanji tsotse wani kaso na man da ke cikin abinci. Ya tambayi man ina yake zuwa. Ta ce fita yake yi, kuma in an ci abu mai maiƙo ba ya neman izini. Ya lissafa matakala goma sha huɗu, ya haɗa da nisan banɗaki, ya ce Allah ya ba masu iyawa haƙuri. Na uku allura ce, sau ɗaya a sati, tana rage yunwa, tana kuma taimaka wa sukari. Makonnin farko takan tayar da zuciya. Ba arha ba ce, ba ta sauri, kuma in an daina ba tare da an gyara ci ba, nauyin na iya dawowa. Kafin ta ce ta dace da shi sai da ta titsiye shi da tambayoyi: ko a danginsu an taɓa yin ƙari a wuya, ko wani ciwon ciki mai tsanani ya taɓa kwantar da shi, me yake sha, me mahaifinsa ya yi fama da shi. Matarsa ce ta amsa rabi, don ta fi shi sani.

"To, 'yata," ya ce, "tambaya ɗaya ta rage. Wanda zai fita, yaya zan san kaya ne ba ruwa ba? Ina zan soka?"

Karo na farko da likitar ta yi dariya ke nan. Ta buɗe durowa ta ɗauko tef irin na teloli. Ta ce kowane wata zai zo a auna ƙugunsa, a duba jininsa, shi kuma ya riƙa ƙirga matakalar da yake hawa kafin ya tsaya. In ukun nan sun yarda da sikeli, to kaya ne.

Ya zaɓi allura, amma akwai abin da bai faɗa ba, kuma matarsa ba ta rufa masa asiri ba. Ta gaya wa likita cewa ƙaton nan da take gani, ranar da aka yi wa 'yar autarsu rigakafi tana jaririya, shi aka yi wa fifita. Ranar Lahadi da safe ya zauna a bakin gado, ya ɗaga riga, ya riƙe abin allurar mai kama da alƙalami, ya yi kusan rabin sa'a yana karanta takardar da ya riga ya haddace.

"Baban yara," ta ce daga bakin ƙofa, "kai da ka wuni kana soke kayan mutane da ƙarfe kamu biyu?"

Haushi ya sa ya danna. Ya jira zafi, zafi bai zo ba. Ya dube ta, ya dubi cikinsa, ya ce shi ke nan? Ta ce shi ke nan, ya sauke riga kada kaji su gani.

Ba a ce abin ya zo da sauƙi ba. Sati uku ƙamshin girki ma tayar masa da zuciya yake yi, kuma matarsa ta ji ciwon ganin kwanonta na dawowa da saura, don ita da kwano take nuna ƙauna. Daga baya ta sayo ƙaramin kwano, ta cika rabinsa da ganye da wake da kifi, tana mita tana dannawa. Sukari ya sauko daga cokali huɗu zuwa ɗaya. Ya riƙa sauka daga motar haya tasha biyu kafin wurin aiki, ya taka. A ƙarshen wata na farko kilo biyu kacal suka tafi. Dogo ya ce wannan ai maganin masu haƙuri ne. Mai Sikeli ya kama fatar bayan hannun Dogo ya ja, ya nuna masa yadda ake gwadawa, sannan ya rubuta masa ranar da likitar ke zama. Sai da aka yi wata biyu kafin Dogo ya je, amma ya je.

Matakala ce ta fara ba da shaida. Daga ta bakwai ya koma ta tara, daga ta tara ta goma sha biyu. Ya huda bel ɗinsa da ƙusa sau biyu. Kada wani ya ɗauka ya zama siriri, har yanzu in ya tsaya a ƙofar ɗakin awo haske ba ya shiga. Gwiwar hagu ma tana nan tana gaishe shi in hadari ya haɗu. Amma layin motoci ya bar titi ya dawo cikin fili, oda ta yi sauƙi.

A satin ƙarshe na shekara manaja ya hau sama da safe ya tsaya a gefe, wai yana duba waya. Kowa ya san abin da ya kawo shi. Mota ta goma sha takwas ta shigo, ɗaurinta fes, an jera kamar za a kai kasuwa. Mai Sikeli ya sauka, ya soka, ya manna a kunci, ya ce a kwance a shanya. Leburori suka yanke igiya, tsakiya jagab, ruwa na ɗiga. Ya juyo ya kama matakala, goma sha huɗu ba tsayawa, ya shigo yana yi wa manaja bayanin yadda aka jiƙa ta, da wajen da aka fara zuba ruwan, da kimanin kilon da aka so a ci. Sai da ya kai ƙarshen zancen ya lura bai nemi numfashi ba.

Manaja ya sa wayarsa a aljihu. Bai ambaci bakin ƙofa ba, bai ambaci masu wurin ba. Ya kama hanyar sauka, a matakala ta biyu ya waiwayo.

"Baba, bayan hutu motoci za su ƙaru. Ka sa a wasa maka tsinken nan, na ga bakinsa ya dakushe."

Da aka tashi, leburori suka watse, ya je lungu wajen tsohon sikeli. Ya share, ya ɗora ƙarfen gwaji, ya sauke, ya cire takalmi ya hau. Ɗari da goma sha bakwai. Jiya likita ta auna ƙugunsa, ta duba jininsa, ta ce sukari ya ja baya. Ya buɗe shafin ƙarshe, inda lambobin kwana taran nan ke jere tsirara ba komai a gefensu, ya rubuta ta yau a ƙasa. Wannan karon hannun bai tsaya ba, ya yi mata ƙugiya.